Yadda ake amfani da ɗamarar tsaro wajen dakon barewa a kan bishiya

A jihar Michigan ta Amurka, inda nake farauta, ana buɗe farautar barewa da kwari da baka ran 1 ga Oktoba, ta bindiga kuwa daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba. Yawancin maharban nan ba bin sawu suke yi ba, dako suke yi. Ana kafa kujerar ƙarfe a jikin bishiya, sama da ƙasa da kamar ƙafa 15 zuwa 20, wato mita 5 zuwa 6, mutum ya hau tun da duhu ya zauna shiru har barewa ta zo wucewa. Daga can sama kana hango nesa, warin jikinka kuma ba ya saurin kai wa hancinta.

Sai dai hukumomin kula da namun daji na jihohi sun daɗe suna jan kunne cewa faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure raunata masu farautar barewa. Karayar ƙashin baya ce, da ta ƙugu, da ta wuya, wani ma ƙafafunsa su shanye har abada. Kuma yawancin faɗowar ba a zaune take samun mutum ba. Wajen hawa ne, wajen sauka, da lokacin da yake ƙetarawa daga tsani zuwa kujera. Saboda haka wanda ya sa ɗamara amma bai maƙala ta a bishiya ba sai da ya zauna, ya bar kansa a sake a daidai wurin da hatsarin yake. Ka'idar ɗaya ce: kana ɗaure da bishiyar tun kafin ƙafarka ta bar ƙasa, ba ka kwancewa sai ta sake taka ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Na farko ɗamara ta jiki duka, wadda take ratsa kafaɗu biyu, ta kama ƙirji ko ƙugu, ta zagaye cinyoyi biyu, da igiya a tsakanin kafaɗu ta baya. Wannan igiyar ita zan riƙa kira igiyar baya. Ka duba takardar da aka ɗinka a jikin ɗamarar: ta nuna cewa ta cika ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera kujerun bishiya, TMA, ta nuna ranar da aka yi ta, da iyakar nauyin da take ɗauka. Yawancinsu fam 300 ne, kimanin kilo 136, kuma wannan lissafin har da rigunan sanyi da jakar da ke bayanka. Kamfanoni da yawa suna ba ta shekara biyar, daga nan a canza.

Idan wani tsohon maharbi ya ba ka bel mai zagaye ƙugu kawai, ko mai kama ƙirji kawai, ka yi masa godiya ka ajiye. An daina amfani da su. Wanda ya faɗo da irinsa, ko dai ya kife kai ƙasa, ko bel ɗin ya zame ya matse haƙarƙari ya hana shi numfashi.

Sauran kayan:

- Maɗaurin bishiya, wanda ake zagaya shi a jikin bishiya a maƙala masa igiyar baya.
- Igiyar ƙugu, irin wadda ma'aikatan wutar lantarki suke zagaya wa turke su jingina baya hannuwansu su samu sakewa. Ana maƙala ta a zobba biyu da ke gefen ƙugun ɗamara.
- Doguwar igiya mai kamar ƙafa 30, wadda za ta sauko daga saman kujera har gindin bishiya, da ƙullin Prusik a jikinta, wani ƙulli mai zamewa da yake cijewa in nauyi ya hau kansa.
- Ƙugiya mai kulle, irin ta masu hawan dutse. Mai bakin da ba ya kulluwa ba ta shiga wannan aiki.
- Likkafa: wani siririn maɗauri da ake sakin sa a taka idan an faɗo ana lilo. Yana zuwa tare da ɗamara, kuma shi ne abin da mutane suka fi mantawa a kwali.
- Igiyar jan kaya, don bindiga ko baka da jaka.
- Waya, usur, ƙaramar wuƙa da fitilar goshi. Waya da usur su kasance a aljihun ƙirji, kada su zauna a jaka.

Wanda bai samu ɗamara ba tukuna, ya yi dakonsa a ƙasa. Ana sayar da ƙananan tantuna na ɓuya, ko ka jingina da gindin babbar bishiya ka tara rassa a gabanka, iska na busowa daga wajen dabbar zuwa gare ka. Ana samun barewa haka, kuma babu abin kunya a ciki.

1. Ka binciki kayan a gida

Ka baje ɗamarar a wuri mai haske ka bi ta da yatsu, ɗinki bayan ɗinki. Kana neman zaren da ya tsinke, wurin da ya goge ya yi gashi-gashi, launin da rana ta cinye, da ƙarfen da ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe. A jikin igiyar baya akwai wani wuri da aka naɗe aka ɗinke da gangan, domin idan mutum ya faɗo ɗinkin ya yage a hankali ya rage ƙarfin fizgar. In ka ga ya fara buɗewa, wannan ɗamarar ta taɓa tare wani, aikinta ya ƙare. Shi ya sa ba na ba da shawarar sayen ɗamara ta hannu, komai arharta.

Kujerar ma haka. Maɗauran da suka kwana a daji tun bara kada ka yarda da su: rana ta ƙona su, kurege ya gwaguye su, bishiyar ta ƙara kauri ta ja su har sun kusa tsinkewa, kuma daga ƙasa lafiya lau za ka gan su. A filayen gwamnati na Michigan ma doka ba ta yarda a kafa kujera kafin 1 ga Satumba ba, kuma dole a cire ta zuwa 1 ga Maris. A gonar mutum babu mai tilasta maka, amma ka cire ta duk shekara.

2. Ka gwada lilo kusa da ƙasa

Wannan matakin mutane suke tsallakewa, alhali shi ne yake koya maka abin da karatu ba zai koya maka ba. Ka samu aboki ya tsaya kusa. Ka ɗaura maɗaurin bishiya yadda in ka saki jiki ƙafafunka za su kusa taɓa ƙasa, sannan ka saki nauyinka a hankali. Nan take za ka ji inda ɗamarar take cizo. Ka laluba likkafa ka sake ta, ka taka, ka miƙe. In ta yi tsawo ba za ta ɗauke maka nauyi ba, in ta yi gajarta gwiwarka za ta gaji da wuri. Ka daidaita ta yanzu, ka bar ta a haka. Ka sake gwadawa da safar hannu da rigar sanyi, don a haka za ka kasance a watan Nuwamba.

3. Zaɓen bishiya

Rayayyiya, miƙaƙƙiya, mai kaurin da takardar kujerarka ta ambata. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a samanka. A wannan yankin akwai abin lura na musamman: wani koren ƙwaro da aka fara ganowa kusa da birnin Detroit a 2002 ya kashe miliyoyin wata irin bishiya da ake kira ash. Suna nan tsaye a daji, miƙaƙƙu, marasa rassa a ƙasa, su ne ma za su fi burge sabon maharbi. Da kaka ta yi ganye ya zube, matacciya da rayayyiya kamarsu ɗaya ga wanda bai saba ba. Ka duba ɓawon: in yana ɓarewa, ko ka ga ƙananan ramuka da zane-zanen tsutsa a ƙarƙashinsa, ka wuce. Gara ka zaɓi bishiyoyinka tun a Satumba suna da ganye.

In kujerarka irin mai hawa da kai ce, wadda take cizon bishiya da haƙoran ƙarfe, ka guji mai santsin ɓawo da mai ɓawon da ke ɓalle-ɓalle.

4. Sanya ɗamara

A gindin mota ake sa ta, da hasken fitila, ba a gindin bishiya cikin duhu ba. Ka riƙe ta ta igiyar baya ka girgiza, maɗauran su warware. Ka zura kafaɗu, ka ɗaure ƙirji ko ƙugu, sannan cinyoyi. Kowane maɓalli ka ji ƙararsa, ka kuma ja shi ka tabbata.

Maɗauran cinya su kama sosai, yadda tafin hannunka a shimfiɗe zai shiga da ƙyar. Masu barin su sako-sako don jin daɗin tafiya, ranar da suka faɗo duk nauyin jikinsu a matsematsi zai sauka, ba sai na yi wa namiji bayanin wannan ba. Ka kwashe makullai da harsasai daga aljihun wando.

Game da rigar sanyi, ni ina sa ɗamara a kan riguna na ciki, babbar rigar a sama, igiyar baya ta fito ta wuyan riga ko ta kafar da aka yi mata a baya. In ka ɗaure ta a kan riga mai kumburi, auduga za ka matse, jikinka yana sako-sako a ciki. Ko ta yaya ka sa, igiyar baya kada ta bi ta ƙarƙashin hammata ko ta gefen wuya.

Kafin ka bar mota ka tura wa wani na gida alamar wurin a taswirar waya, da lokacin da za ka fito. "Ina dajin arewa" ba adireshi ba ne. Doka ta ba da damar fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, don haka lokacin hawa yakan zo daidai da asuba. Ka yi sallarka a ƙasa kafin ka hau, kada ka zo kana sama kana tunanin sauka cikin gaggawa.

5. Hawan farko, ranar kafa kujera

A wannan ranar babu doguwar igiya tukuna, kai ne za ka kai ta sama. Igiyar ƙugu ce abokiyarka. Ka zagaya ta a bishiya tun kana ƙasa, ka maƙala ta gefe biyu, ka rage tsawonta yadda in ka jingina baya hannunka zai kai jikin bishiya ba tare da miƙewa ba. Kana hawa kana ɗaga ta, kullum tana sama da ƙugunka. Da ta sauko ƙasa da ƙugu, in ka zame za ka kife ne.

Wurin da ake samun matsala shi ne reshe. Igiyar ƙugu ba za ta wuce shi ba sai an kwance ta, kuma nan ne mutum yake cewa ai daƙiƙa biyu ne. Ka ɗaura maɗaurin bishiya a saman reshen, ka maƙala igiyar baya, sannan ka kwance ta ƙugu ka ƙetarar da ita, ka mayar. Ɗaya ba ta fita sai ɗayar ta shiga.

In kujerar ratayawa ce mai matakalai daban, ka kai matakalan har su wuce tsayin dandamalin kujerar, wato wurin taka ƙafa, yadda za ka tako ƙasa ka sauka a tsakiyarsa. Mai tsayar da matakala a ƙasa da kujera sai ya riƙa jan jiki yana rarrafowa ta gefe, kuma ta gefe kujera take juyewa. A filin gwamnati a Michigan an hana matakalan da ake murɗawa cikin itace, da ƙusa da noti, kuma dole bayanan mai kujera su kasance a jikinta yadda za a iya karantawa daga ƙasa.

Kujera mai tsani aikin mutum uku ce. Biyu su riƙe, a ɗaure igiyoyin da ke gicciye a bayan bishiya da sandar da ke tokare tsakiyar tsanin, sannan ɗaya ya hau ya ɗaure saman. Hawa tsanin da ba a ɗaure samansa ba, kai kaɗai, yana cikin mafi munin gangancin da ake yi a wannan harka.

Mai hawa da kai kuwa gida biyu ce, ta zama da ta taka ƙafa. Ka haɗa su da gajeriyar igiya, don in ta ƙasa ta suɓuce kada ta tafi gindin bishiya ta bar ka a rataye. Maɗaurin bishiya yana sama da kanka tun daga ƙasa: ka tura shi sama, ka hau kaɗan, ka sake tura shi. Yana cin lokaci, haka aikin yake.

Da ka kai, ka ɗaura doguwar igiya a sama da inda kanka zai kai in ka miƙe tsaye a kan kujera. Bayan ka sauka ka ɗaure jelarta a gindin bishiya, ta ɗan yi tauri.

6. Hawa da doguwar igiya

Daga ranar nan hawa ya yi sauƙi. Ƙullin Prusik, wanda wani mai hawan dutse ɗan Austriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931, siririyar igiya ce da aka naɗa sau uku a jikin mai kauri. In babu nauyi a kansa yana zamewa da turin hannu, da nauyi ya hau kansa sai ya cije. Ka maƙala igiyar baya a jikinsa da ƙugiya, ka murɗa kullen, ka ɗan saki nauyinka ka ji ya kama. Sannan ka fara hawa kana tura shi gaba, kullum yana sama da kanka.

Kuskure biyu ake yi. Na farko barin ƙullin a baya, ya koma daidai ƙugu ko gwiwa. In ka zame a haka sai ka yi doguwar faɗuwa kafin ya tare ka. Na biyu damƙe ƙullin da hannu. Ana tura shi ne daga ƙasa da yatsu. Wanda ya damƙe shi lokacin faɗuwa ya hana shi cizo, tare za su zame.

Hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a kan tsani a kowane lokaci. Da safe raɓa takan daskare a kan ƙarfe, ka goge laka daga takalmi, ka taka a hankali.

In za ka haɗa doguwar igiya da kanka, ka je shagon kayan hawan dutse ka sayi wadda aka yi don ɗaukar mutum, kamar mai kaurin milimita 11, da siririya mai 7 ko 8 don ƙullin. In kaurinsu ya zo ɗaya ƙullin ba zai cije ba. Igiyar shagon kayan gini, komai kyanta a ido, ta ɗaure kaya ce. In kuma babu doguwar igiya sam, ka hau kullum yadda na faɗa a mataki na 5.

7. Zama, da jawo makami

Kafin ka saki tsani, ka tura ƙullin can sama. Ka taka dandamali da ƙafa ɗaya ka danna ka ji, sannan ka kawo ɗayar.

Yanzu daidaita igiyar baya, kuma nan ne ɗamara take amfani ko ta zama ado. Ka zauna, ka ɗaga ƙullin ko maɗaurin har igiyar ta kusa miƙewa, kana jin ɗan janta a bayanka in ka sunkuya. In ta yi haka, ko gyangyaɗi ya kwashe ka, ita za ta fizge ka ka farka kafin ka bar kujera. In ma ka faɗa, ba za ka wuce dandamalin da nisa ba, kana iya komawa. Mai ɗaure ta daidai kafaɗa don ya samu sakewar juyawa, in ya faɗo zai tsinci kansa a ƙarƙashin kujera, dandamali a saman kansa, ba abin kamawa. Mai baka ya gwada jan tsirkiya hagu da dama ya ga igiyar ba ta tare gwiwar hannunsa.

Bindiga ko baka ba a hawa da su. Tun a ƙasa ka cire harsashi, ka bar cikin bindigar a buɗe, ka ɗaura igiyar jan kaya yadda bakinta zai kalli ƙasa, kuma kada ka kuskura ka ɗaura a kusa da kunama. Kibau suna cikin kwari. Ka ajiye kayan a ɗaya gefen bishiyar, ba ƙarƙashin inda kake hawa ba. Sai ka zauna ka ɗaure sannan ka jawo su, ka duba bakin bindigar ko ƙasa ta shiga.

8. Sauka

Bayan harbi jiki yana rawa, ƙafafu sun yi sanyi sun mutu saboda dogon zama. Mu kuma da muke so mu riski dabba da sauran rai mu yanka, gaggawa ta fi kama mu. Ka yi bisimillarka tun lokacin harbi, ka lura da inda ta nufa, ka zauna numfashinka ya dawo. Ka motsa ƙafafu. Ka cire harsashi, ka saukar da makami da igiya, sannan kai ka biyo, kana jawo ƙullin ƙasa kaɗan-kaɗan, yana sama da kanka. Matakala biyun ƙarshe ma a ɗaure ake taka su.

9. In ka faɗo

Ɗamara ta tare ka, amma ba ka tsira ba tukuna. Mutumin da ke rataye ƙafafu na lilo, maɗaurai sun matse cinyoyinsa, jini yana taruwa a ƙafafu ba ya komawa zuciya yadda ya kamata. Jiri ke fara zuwa, da gumi, da tashin zuciya, sai suma. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta yi gargaɗin cewa irin wannan ratayar tana iya kai wa ga suma da mutuwa cikin ƙasa da minti 30.

Don haka kada ka tsaya jira. Ka juya ka fuskanci bishiya, ka nemi tsani ko matakala da ƙafa, ka koma kai tun kana da ƙarfi, domin ƙarfin raguwa yake yi. In dandamali za ka koma, ka hau ta kusa da jikin bishiya.

In ba hali, ka saki likkafa ka taka ka miƙe, nauyi ya bar cinyoyinka. Sannan ka kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, ka kira wanda ka bar wa alamar wurinka. In babu sabis, ka busa usur sau uku-uku. Kana yi kana motsa ƙafafu, kana tokare bishiya kana turawa, kana canza ƙafar da ke cikin likkafa. Wanda ba shi da likkafa yana iya jawo doguwar igiya ya ƙulla zobe a jikinta daidai gwiwa ya taka, in ya bar mata ɗan sassauci a gindi. Akwai kuma na'urorin da ake maƙalawa tsakanin igiyar baya da bishiya, masu sauke mutum a hankali har ƙasa. Ga mai jiki, ko mai shekaru, ko mai farauta shi kaɗai, kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Wuƙa kuwa, kada tsoro ya sa ka yanke igiyar baya kana tsammanin za ka rungumi bishiya ka zame. Hannun da ya yi sanyi cikin safa ba ya riƙe nauyin mutum. Ana yanka ne kawai in ƙafafunka sun tabbata a kan matakala, kana ɗaure da wata igiyar, ta bayan kuma ta ƙi kwantuwa.

Bayan ka sauko ka je asibiti ko da kana jin garau, ka gaya musu tsawon lokacin da ka yi a rataye. Ɗamarar da igiyar da ta tare ka kuwa, ka yayyanka su da wuƙa kafin ka zubar, don kada wani ya tsinta ya ɗauka masu kyau ne.